Namijin Jiminar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko a aikin likitan dabbobi ba. Sati uku ke nan da turo ni Filinge, takardar gama lakkwal, wato makaranta, ko ninki ba ta yi ba, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro allura.

Wani Alhaji a ƙauyen Kurfai ya aiko neman likita. Yana da namijin jimina da ya raina tun yana ɗan tsako, wai kwanan nan ya rage cin abinci, wuyansa ya yi jawur, yana wani gurnani kamar bijimin sa. Shugabana ya tafi Yamai, saboda haka na saka rigar aikina ruwan ƙasa, na hau moto. (A lakkwal mun karanta shanu, tumaki da kaji. Jimina kuwa shafi ɗaya ce, kuma ranar ina barci.)

Ina isa bakin shingen, tsuntsun ya dube ni, sai ya zube bisa gwiwoyinsa. Ya baje fukafukai, ya shiga kaɗa wuya dama da hagu yana bugun bayansa da kai. A lokacin ana ta yi mana gargaɗi kan murar tsuntsaye, kuma na haddace cewa murɗewar wuya alama ce.

Na gyara murya na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Wannan cuta ce mai yaɗuwa. Idan na kai rahoto, za a kashe shi, a haɗa da duk kaji da zabin garin nan."

Kafin ka ce kwabo mata sun cika ƙofar gida. Wata tsohuwa ta rungume kazarta, ta ce, "Lokotoro, ita ɗai gare ni." Wallahi tausayinta ya kama ni, amma na ɗaure fuska na ciro biro, don a san an yi karatu.

Can wani dattijon Bafillace, Baffa Jaɓɓo, wanda ya yi kiwo wajen Abala tun jimina na yawo a daji, ya dogara sandarsa ya ce, "Ɗana, ja baya, ka laɓe bayan rumbun can."

Na laɓe, ina ƙunƙuni. Tsuntsun ya miƙe garau, ya kama tsattsagar tsakuwa.

"To, dawo."

Na dawo. Ya sake zubewa, har da ƙarin rangwaɗa.

Baffa ya ce, "Wanga ba ciwo ba na. Balaga ya yi, aure shika so. Macensu ruwan ƙasa ta, kamar rigarka." Ya dubi Alhaji. "Ka yi suruki."

Dariyar da aka yi, har tsohuwar nan sai da kazarta ta suɓuce. Wata ta rangaɗa guɗa. Alhaji, yana share hawaye, ya tambaye ni ko iyayena na kusa a aika da goro.

Ana cewa jimina na binne kanta a rairayi in ta ji tsoro. Baffa ya ce ƙarya ce, ƙwanta take juyawa a rami. Ni dai ranar da akwai rami da na gwada.

Amma a hanyar komawa na tsaya gindin wani gawo, na yayyaga takardar rahoton da na fara rubutawa, na yi ta hamdala. Da Baffa ya makara, da na sa an share kajin gari guda saboda tsuntsu ya ce yana sona.

Tun ranar, kafin in buɗe jaka sai na tambaya ko akwai tsoho a kusa. Shekara tara yanzu, na yi aure har da 'ya'ya biyu, amma in na shiga kasuwar Kurfai, mata ba su san wani lokotoro ba. Amaryar jimina suke gaisarwa, ni kuma ina amsawa.