Dubiyar da Ban Shirya Ba

Shekarar da sojoji suka koma bariki na tsiri fita shan iska da yamma a Gyadi-Gyadi, ina jin kaina wayayye. Ran nan maƙwabcina Malam Bitrus ya tsayar da motarsa.

"Malam, ina zuwa a ƙasa?"

Magidanci kamar ni ya ce babu ko'ina? Na gyara murya na ce, "Asibiti, dubiya."

"Shigo mu je, ni ma in gaishe shi."

Haka muka shiga ɗakin maza. Na zaɓi wani tsoho, na zauna ina jero masa sannu. Ya ƙura mini ido, ya tambayi Bitrus, "Wannan kuma wane ne?"

Har yau in na fito, sai Bitrus ya leƙo ya ce, "Malam, ya mai jiki?"