Yadda Za Ki Yaɗa Littafinki Ba Tare Da Kowa Ya Karanta Shi Ba

Ke 'yar'uwa mai tawada a yatsa da goyo a baya, matso kusa. In kin tsara waƙa kin zuba ta a takarda, kina kwana kina tashi da tunanin yadda za ta shiga duniya, to kin zo inda ya dace. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan sau da ƙafa, kafin a yanke gero labarin littafinki zai kai Yasore, ya kai Tsaskiya, har fatake su ɗauke shi zuwa Birnin Katsina. Ni Zuwairatu ta Darini na gwada, kuma ya ci. Ban ce za a karanta ba. Wannan wata magana ce dabam, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Mataki na ɗaya: Ki sami abin da ya tsaya miki a rai

Nawa rijiya ce. Tana nan ƙofar gidanmu, bakinta a shafe da ƙasa, ba dutse ba itace, ta hangame kamar mai jiran a ba ta loma. Ni kuma ina da yaro mai rarrafe. Ɗan fari ne, kin san ba a kiran sunansa, ba a kuma nuna an damu da shi, don haka a nan sunansa Wancan. Ban damu da Wancan ba ko kaɗan. Ɗaure ƙafarsa da nake yi a jikin turmi in zan shiga ɗaki, don turmin ne, kada ya faɗi.

Na gaya wa maigidan a sa itace a bakin rijiyar nan. Ya kai maganar gun mai unguwa, Baba Maude. Baba Maude ya ce duk gungumen da aka saro a dajin Rugu na kafi ne, shingen tsaron gari, ga raɗe-raɗin mahara daga Maraɗi, wa ke ta rijiya? Surukata Inna Sauda kuwa cewa ta yi, "Mu ma a bakinta muka yi rarrafe. Mi ta yi mana?"

Mace ba ta zuwa zauren mai unguwa ta yi gardama. Amma ni 'yar malamai ce, na iya riƙe alƙalami tun ina gidanmu a Yasore. Na ce to, abin da baki ya kasa, waƙa ta yi. Buƙata ɗaya ce: a rufe rijiyar nan kafin Wancan ya miƙe da ƙafafunsa.

Mataki na biyu: Ki tanadi kayan aiki

Takarda sai a hannun fatake, kuma ba sa ba da ita don kyan fuska. Zakarana na ba da, wanda ke tashin gidan da asuba. Tun daga ranar muke makara.

Ki dafa tawadarki da kanki, ki ajiye ta inda hannun yaro ba ya kai. Ni na ajiye tawa a ƙasa, Wancan ya kurɓe rabi. Inna Sauda ta duba bakinsa baƙi wuluk ta ce alhamdu lillahi, malami za a yi. Ni kuwa yini na yi ina leƙa cikinsa ta baki, ba don na damu ba.

Mataki na uku: Ki nemi albarkar babban malami

Littafin da malami bai taɓa ba maraya ne. Na jira har ƙanen mahaifina, Malam Ya'u, ya zo Darini ta'aziyya. Na durƙusa, muka gaisa tun daga gajiyar hanya har lafiyar jakinsa, sannan na miƙa masa gafaka da hannu biyu.

Ya karanta bisimilla. Ya karanta salati. Ya gyara mini wasali ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Madalla, Zuwaira. Ta wa'azi ce?"

"Ta rijiya ce, Baffa."

"Zamzam?"

"A'a, Baffa. Tamu ta ƙofar gida."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa ɗan akuyar da ya shigo masallaci. Can ya haɗa takardun, ya yi addu'a, ya tofa, ya miƙo mini. Ina zaton ni ya yi wa addu'ar, ba littafin ba. Amma matan gidan suna leƙe ta zana, abin da suka gani kuwa shi ne Malam ya tofa. Riƙe wannan da kyau: ba abin da malami ya ce ke tafiya ba, abin da aka hango ya yi.

Mataki na huɗu: Ki bayyana a gaban jama'a

Marubuciya sai an gan ta. Ki zaɓi taron da mata ba su da hanyar gudu. Ni na zaɓi sunan jaririn maƙwabciyata Maijidda. Na sa zanen saƙina na aure, na zizara kwalli, na zauna kusa da mai jego, na yi gyaran murya.

A nan zan ba ki ilimin da na saya da kunyata. Kowace waƙar kirki da yabon Ubangiji take farawa, sai salati, sai alaye da sahabbai. Ni don kada a ce 'yar malamai ta yi rowa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma kowane baiti biyu sai in tsaya in ce, "Wai ina Wancan ya shiga?" A ce ga shi nan a cinyarki. In ci gaba.

Daidai na iso kan maganar, na ɗaga murya:

"Ku sa itace a bakin rijiya,
Kafin mai rarrafe ya san tafiya,"

sai aka shigo da tuwo. Wata ta rangaɗa guɗa, na ɗauka tawa ce har na sunkuyar da kai don kunya. Ashe ta miyar taushe ce.

Kalma ɗaya ce ta tsira daga akushi: rijiya. Sai kuma fuskata, wadda aka ce ta nuna tsoro ƙwarai. Dole ta nuna, na hango Wancan ya nufi ƙofa.

Mataki na biyar: Ki ba da aro hannu sake

Washegari Maijidda ta aiko, a sam mata falle ɗaya na rubutun nan. Kafin azahar wata ta zo da kanta. Kafin kasuwa ta sake ci, har daga Tsaskiya ana aiko da ƙwaryar nono a karɓi falle. 'Yar'uwa, ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Na riƙa kwafa ina bayarwa har yatsana ya yi kanta. Na soma tafiya a tsakar gida irin ta manyan mata, a hankali, ina kallon nesa. Tuwona ya kama sau biyu ban ji komai ba, masu ilimi ba sa kula da ƙanzo.

Sai ran nan na shiga gidan Maijidda na ga jaririnta da sabuwar laya a wuya, jan fata, ɗinki mai kyau. Na fito na ga 'yar maƙwabta da irinta. Na ga wani ɗan maraƙi ma da ita. Ashe Jafaru baduku rabon da ya miƙe daga kan ɗinki tun ranar suna.

Na koma na ce, "Maijidda, ina takardar da na ba ki?"

"Ga ta nan a wuyansa. Ai Allah ya saka miki, tun da na rataya masa bai ko kalli rijiyar nan ba."

"Yaron da ko zama bai fara ba? To kin sa an karanta miki?"

Ta dafe ƙirji. "Ke Zuwaira, da iliminki? Ana karanta laya ne? Ai sai ta karye!"

Kada ranki ya ɓaci in haka ta same ki. Wane marubuci ne aka taɓa yi wa kowane falle gidansa na fata?

Mataki na shida: Ki buɗe makarantar koyon rubutu

Na ce tunda rashin karatu ne ya ja, bari in koyar. Na sanar duk mai son ta iya rubutu, har ta tsara tata waƙar, ta zo bayan la'asar da allonta, ba a biyan komai. Sun zo, har da masu kaɗi da abawarsu. Na rubuta wa kowa baitin itace a allo, na shiga ɗaki in kwantar da Wancan. Na fito na tarar da alluna fes, an wanke an shanye, ana kitso. Wata tsohuwa ta ce nawa ya fi na malamin garinsu ɗaci, alamar ƙarfi ke nan.

Ɗalibata ɗaya ce ta kai ga harafin jim. Ita ma aure ya kai ta Safana.

Mataki na bakwai: Ki bar labari ya yi kiwo da kansa

Labari kamar akuya yake, in ya fita da safe ba da cikin da ya tafi yake dawowa ba. Nawa ya je Tsaskiya ya dawo da ƙaho. Wai akwai wani abu a rijiyar Darini mai kiran yara da sunansu. Wai 'yar malamai ta gan shi ido da ido, ta rubuta siffarsa, Malam Ya'u da kansa ya karanta ya kasa magana sai tofi.

Mazan da suka ce ba itace, sai ga su da gumagumai a kafaɗa, waɗanda aka tara don kafin gari. Aka jera a bakin rijiya, aka yaɓe da laka, aka ɗora ƙaya. Ko kiyashi ba zai shiga ba. Guga ma haka. Matan Darini duka muka koma ɗaukar tulu zuwa rafi, tafiyar da in kin fita da hantsi sai rana ta take tsaka za ki dawo. A hanya ba mai yi mini magana. Laya dai tana wuyan 'ya'yansu, harara kuma tana kaina.

Mataki na takwas: Ki amsa tambayoyin masu sauraro

Da wuyan mata ya gaji, Baba Maude ya zo zaurenmu da dattawa. Mata suka cika tsakar gida. Na durƙusa a bakin ƙofar ciki, gafaka a hannuna, cikinta kwafi ɗaya da ya rage cikakke.

Ya ce, "'Yata, mata sun wahala, kafi kuma yana jiran itacensa. Ki karanta mana abin da kika rubuta. In ba komai a ciki, yau a buɗe rijiyar ta koma yadda take."

Kowa ya juyo gare ni. Ba tuwo, ba guɗa. Darini kaf ta buɗe kunne tana jiran waƙata, abin da na ba da zakara dominsa. Na san kuma in na karanta za su ji ba ƙaho ba kira, mace ce kawai ke roƙon itace. Za a yi dariya, a kwashe gumagumai kafin la'asar.

Na zaro takardar. Sai na ji Inna Sauda ta ce, "Kai, kai, ku duba min mijin nan nawa!" Na waiga. Wancan ya kama zana ya miƙe, ya saki, ya jefa ƙafa ɗaya, ya jefa ta biyu, ya nufi zaure yana dariya, hannuwa a sama. Bayan zaure kuwa kin san abin da ke nan.

Na mayar da takardar cikin gafaka.

Na ce, "Baba, ba komai ake karantawa a taro ba. Abin da zan iya faɗa, duk yaron da ya je bakinta a buɗe, tana iya ɗaukarsa."

Dattawa suka ce, "Kun ji ko!"

Na ce, "Amma in aka bar 'yar kafa daidai shigar guga, aka yi mata marufi mai nauyin da sai babba zai ɗaga, ba abin da zai sami kowa."

Baba Maude ya tambaya ko haka rubutun ya ce. Na ce wallahi haka ya ce. Ban yi ƙarya ba, shi ne baitin ƙarshe, wanda ba a taɓa isa gare shi ba. Kafin magariba an fasa kafa, an sassaƙa marufi da icen kirya, mata suna jan ruwa suna shi mini albarka. Inna Sauda tana gaya wa kowa ita ta daɗe tana cewa a rufe rijiyar nan.

Da labari ya kai wa Baffa, ya aiko a gaya mini gidanmu ba a san mu da camfi ba. Na aika masa cewa ni ban taɓa ambaton aljani ba, ya duba littafin. Har yau bai aiko a kai masa ba.

Sauke nauyi

Duk wadda ta bi matakan nan, ita da abin da ta gani. In aka ɗinke littafinki, ko aka shanye shi, ko aka fara kawo miki cigiyar ɓatacciyar tunkiya da hantsi kamar yadda ake kawo mini, ba ruwan Zuwairatu, ba ruwan zuriyarta. In baffanki ya daina amsa gaisuwarki da sakin fuska, ku sasanta can. Ban ɗauki alhakin zakaran kowa ba. In kuwa kika wayi gari wani ya karanta littafinki daga bisimilla har tammat, ya gane abin da kike nufi, ya kuma yi aiki da shi, to ba hanyata kika bi ba, kada ki ce ni na koya miki.