Ladan Dillali Ya Fi Gadon

Bayan rasuwar Baba, wani dillali a Konni, Malam Sani, ya zo mana da labari: marigayi ya bar kuɗi a banki tun yana tuƙin motar siminti a Malbaza. Shi zai bi takardu, ladansa kashi goma cikin ɗari, yadda aka ƙayyade musu.

Na buga lissafi a zuci. In miliyan ce, ladansa jikka ɗari ke nan, wato sefa dubu ɗari! Na gyara hula na ce, "Malam Sani, ni ba a yi mini kashi-kashi. Jikka talatin, ko nawa aka samu."

Ya ce, "Alhaji, ka tabbata?"

Na kira shaidu biyu, na sa shi ya dangwala yatsa don kada ya canza magana. Wata guda ina ba ƙannena labarin yadda na ɗaure dillali.

Kuɗi suka fito, jikka ashirin da biyu. Na cika takwas daga aljihuna. Malam Sani ya karɓa, ya yi wa Baba doguwar addu'a.

Har yau, in Inna ta aike ni kasuwa sai ta ce, "Don Allah yadda suka faɗa ka biya. Kada ka taya."