Yadda Ake Kashe Uwar Jarumi Ba Tare da An Rasa Tuwon Dare Ba

Idan kana da tsohon labarin zane na jarumi mai tashi sama, kuma ka lura mutane sun fara karanta shi suna hamma, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Ni ne Maiwada, mai shagon tura fina-finai a waya a bakin tashar Gaya. Babu jarumin ƙasar waje da bai bi ta kwamfutata ba. Ni na yi wa labarin Ɗan Guguwa sabon zubi, kuma yau da wuya ka sami wayar da ba ta ɗauke da shi daga Gaya har Ajingi. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Sakamako tabbas ne. Irin sakamakon ne kawai ban yi alkawari ba.

Mataki na 1: Samo mai zane, ka raina aikinsa

Kai ba sai ka iya zane ba. Ni ko kaza na zana sai an tambaye ni mene ne. Abin da kake bukata shi ne wanda ya iya, kuma yake da kunya.

Nawa Garzali ne, mutumin Gafasa, saurayi mai shiru-shiru, da safe yana gonar gyaɗarsu, da yamma yana zane. Shi ya ƙirƙiro Ɗan Guguwa tun yana sakandare: jarumi mai koriyar riga da hular sanyi da aka huda wa ido, iska tana kai shi duk inda ya so. A tsohon zubi aikinsa ya ciro motar haya daga taɓo, ya kamo ɓarawon akuya, ya hana Alhaji Gara, mugun labarin, ɓoye hatsin gari. Mutane suna so. Wannan ita ce matsalar farko, domin abin da kowa yake so ba shi da zurfi.

Karanta aikin a gabansa, ka ja ɗan tsaki, ka ce, "Zanen ya yi, amma jarumin nan ba shi da ciwo a zuciya." Ba zai gane ba. Kai ma ba dole ba ne ka gane.

Mataki na 2: Sanya taro a lokacin da ya dace

Taron tsara labari a gidan mai zane ake yin sa, kuma dab da magariba. Kada ka ji nauyin man babur.

A gidan su Garzali, da an idar da salla, mahaifiyarsa Inna Hure za ta ajiye kwanon tuwo a ƙofar ɗakinsa, rufe da faifai, ta juya. Ba ta cewa komai. Garzali ɗan fari ne, don haka ba ta faɗar sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ta kama dole sai ta ce "wancan". Tun da na fara zuwa taro malmala ta koma biyu, ba tare da kowa ya roƙa ba.

To, Garzali ya kwashe wannan ya zuba a labarin. Kowace fitowa da abu ɗaya take ƙarewa: jarumi ya sauka a bayan gida, ya cire takalmi, ya tarar da kwano a ƙofar ɗaki. Kuma uwar jarumin, tsohuwar cikin zanen, Inna Hure ce sak, har wushiryarta, har tabon ƙunar man gyaɗa da ke hannunta na hagu.

"Ka ga wannan shi ke kashe labarin," na ce masa, ina yanko loma. "Tsohuwa tun da aka fara ba ta ce uffan ba. Ba ta canzawa."

"Ai haka take," in ji Garzali.

"Shi ya sa. Miƙo min miyar."

Mataki na 3: Baƙanta komai

Koriyar riga ta tafi, baƙa ta zo. Jarumin zamani ba ya dariya, ba ya amsa sallama da fara'a, kuma ba ya turin mota. Hadari ya kasance a kowane shafi, ko da rani ne.

Shi ma mugu ka ba shi dalili. Na sa aka nuna cewa Alhaji Gara yana yaro an hana shi ƙanzo. Masu karatu suka ce su ma an hana su, kuma ba su ɓoye hatsin kowa ba. Kada ka kula su.

Mataki na 4: Kashe wani

Nan ne zuciyar aikin. Jarumi ba ya girma sai an yi masa rashi. Ka duba gidansa ka zaɓa. Uban Ɗan Guguwa ya riga ya rasu tun kafin shafin farko, kamar na Garzali, don haka babu sauran amfani a wurinsa. Saura tsohuwa.

Garzali ya ajiye fensir. "Maiwada, Inna ce fa."

"Ba Inna ba ce, zane ne."

"Fuskarta ce."

"To ai shi ne zai sa abin ya shiga jiki."

Ka yi ta maimaitawa. Mai kunya ba ya cewa a'a sau da yawa a jere. Daga ƙarshe ya zana: rumbu ya rufto, aikin Alhaji Gara, tsohuwa ta cika. Shafin ƙarshe ni na tsara shi da kaina, kuma har gobe ina alfahari da shi. Ɗan Guguwa shi kaɗai a ƙolin ƙarfen sabis ɗin waya, ruwa na dukansa, ya dunƙule hannu, yana rantsuwar ɗaukar fansa.

Mataki na 5: Yi talla, sannan ka ɓace

Kada ka saki labarin gaba ɗaya. Fara da hoto guda. Ni na ɗauki fuskar tsohuwar, na zagaye ta da baƙin layi, na rubuta a ƙasa: Allah ya jiƙan Inna. Na tura a guruf-guruf na hira a waya ranar kasuwar Ajingi, da sassafe, lokacin da kowa ke hanya.

Sannan ka umarci mai zane ya kashe wayarsa, domin shiru yana ƙara wa mutane ɗoki. Inna Hure dama ba ta riƙe waya. Wannan ya taimaka ƙwarai.

Mataki na 6: Karɓi jama'a cikin natsuwa

Idan tallarka ta yi kyau, za ka ga alama kafin azahar. Ni da na isa Gafasa na tarar da babura a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, wata motar haya tana sauke mata. A gaba akwai Gwaggo Bara'atu, ƙanwar mahaifin Garzali da ke aure a Ajingi, ta bar kayan kasuwarta a hannun maƙwabciya, ta shigo da salati, mayafi na jan ƙasa.

A tsakar gida ta tarar da mamaciya tana ɓarar gyaɗa.

"Yaya! Ashe kina nan?"

"Ina za ni?" in ji Inna Hure.

Gwaggo ta zube, ta rungume ta, ta ci gaba da kukan tunda ta riga ta fara. Da aka nuna wa Inna hoton, ta dube shi, ta dubi matan da suka cika mata gida.

"To ku zauna ku sha ruwa," ta ce. "Ba kowa ke samun ganin masu gaisuwarsa ba."

Kai a irin wannan lokaci ka tsaya a zaure ka lura da yawan jama'a. Wannan shi ake kira karɓuwa. Garzali kuwa ya dawo daga gona, ya ga tabarmi, fartanya ta faɗi daga kafaɗarsa. Shi ma na ɗan lokaci ya yarda da tallar.

Mataki na 7: Saurari ra'ayin masu karatu

Da jama'a suka watse, Inna ta ce a nuna mata sauran. Gwaggo Bara'atu, wadda ta ce tunda ta zo sai ta kwana biyu, ta karɓi wayata tana ja mata shafi-shafi. Rumbu ya faɗi, Inna ba ta motsa ba. Aka ɗauki makara, ba ta motsa ba. Da aka zo shafin ƙarfen sabis sai ta riƙe hannun Gwaggo.

"Kai Maiwada. Can sama me yake yi?"

"Baƙin ciki, Inna."

"Wa ya bari a ƙofar gida?"

Na ce ba mu zana wannan ba.

"Mutuwa ba ta dame ni ba, tana nan tafe," ta ce. Garzali na durƙushe a gefe, amma ni take kallo. "Amma a ce ɗan da na haifa, mutane su taso daga garuruwa su zo gaisuwata, su tarar da tabarma babu kowa, shi yana kan ƙarfe yana kallon hadari?"

Garzali ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki yafe min."

Ta tattara ɓawon gyaɗarta. "A gaya wa wancan, waɗanda aka binne ba sa tuƙa tuwo."

Da magariba babu kwano. Washegari ma babu. Ka rubuta wannan a matsayin nasara, domin mai karatun da ya yi fushi ya fi wanda ya yi hamma. Sai dai mai zanenka zai lalace. Garzali ya daina zuwa majalisa, ya rame a ido. Gwaggo tana zuba masa abinci a ɓoye, ba ya iya ci.

"Ba yunwa ba ce, Maiwada," ya ce min. "Ita ba ta kiran sunana, ba ta tambayata ya gona. Kwanon nan shi kaɗai ne maganar da take yi da ni. Yanzu ta yi shiru."

Na ji tausayinsa, gaskiya. Ni ma kwanon ya shafe ni.

Mataki na 8: Dawo da mamaci

Wannan ba wuya, jaruman waje kullum yi suke. Hanyoyin suna da yawa: mafarki ne, ko 'yar biyunta ce ta mutu, ko Alhaji Gara ya sace ta ya binne turmi, ko jarumi ya yi ta zagaya Gafasa da gudu har jiya ta dawo.

Na kai su duka gaban Inna, na durƙusa, na jera mata. Ta saurara har ƙarshe, tana tankaɗe.

"Wadda ta mutu ta mutu," ta ce. "Kun kashe ta, kuma za ku tono ta ku yi wasa da ita? Ku bar baiwar Allah ta huta."

Idan ka zo nan, dabararka ta ƙare. Kada ka nuna. Ka ce wa mai zane kana so ka ba shi dama ya gwada kansa, ka hau babur ka koma Gaya.

Mataki na 9: Bar shi ya ɓata labarin, ka sa sunanka

Abin da Garzali ya zana ya saɓa wa duk ƙa'idar da na koya masa. Babu naushi ko ɗaya. Ɗan Guguwa ya sauko daga ƙarfe, ya cire hular da ke rufe masa fuska, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma a ƙofar gida. Shafi bayan shafi mutane na zuwa. Direban da ya taɓa ciro wa mota. Mai akuya. Ɓarawon akuyar. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙanta." "Amin, Allah ya ba da lada." Har Alhaji Gara ya zo ya durƙusa ya yi addu'a, jarumi ya amsa masa kamar kowa, domin ba a faɗa a wurin zaman makoki.

A shafin ƙarshe an idar da magariba, an naɗe tabarmi. Ya shigo gida, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, yana kallon ƙasa, daidai inda gindin kwano ya yi shaida. Babu rubutu ko kalma ɗaya.

Na ce masa wannan ba labarin jarumi ba ne, zaman gaisuwa ne. Ya ce ya sani.

Gwaggo ce ta sake riƙe wayar. Inna ta bi masu gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, tana gane wasu. Da aka zo shafin ƙarshe ta ƙura masa ido. Ta sa bakin mayafi ta share ido, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

"Ya zauna dai," ta ce.

Ta tashi ta ɗauki tukunya.

Wannan fitowar ita ce aka fi turawa a tarihin Ɗan Guguwa. Maza masu gemu sun zo shagona suna cewa ta tuna musu da iyayensu. Ka karɓi yabon da hannu biyu. Ka ce dama can inda ka nufa ke nan.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Babu ruwana da kuɗin motar masu gaisuwa, ko hawan jinin gwaggo, ko geron sadaka da aka kawo ba a mayar ba. Kuma maganar tuwon dare da ke cikin taken rubutun nan, ban ce na kowa da kowa ba.

A ranar da Inna ta ɗauki tukunya, da aka idar da magariba, kwano ya dawo ƙofar ɗakin Garzali, rufe da faifai. Ya durƙusa a gabansa ya daɗe bai buɗe ba. Ni na riga na wanke hannu. Da ya ɗaga faifan, malmala ɗaya ce.