Battar da Baturiya ta Binne

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na je tonon kabari da fartanyar maƙwabcinmu ba. Ni ɗin nan da kuke gani, wanda ko jana'iza aka je nake laɓewa a baya don kada a ce in zo in kama gawa.

Lokacin ba a daɗe da gobarar babbar kasuwar Taminus ba. Shagon takalman da nake tsaro ya tafi a wutar, sai na koma tuƙa bas a wajen Oga Emeka, wani ɗan ƙabilar Ibo mai ƙaramin ofishin kai baƙi yawon buɗe ido. Duk sanda aka samu Turawa ni yake haɗawa da su, wai don ina jin Turanci. (Turancin nawa na sakandare ne, ya ji jiki sosai, amma ina da ƙarfin hali.)

Wata rana da yamma ya kira ni ofis. Ya ce, "Gobe akwai baƙi daga Kanada. Tsofaffi ne fa, ka tuƙa a hankali. Ba yawo sun zo ba, kabari sun zo gani."

Na ce, "Kabari kuma, oga?"

"Kabari. Akwai madam ɗaya, babansa yana kwance a nan Jos."

Ashe wata irin tafiya ce suke yi a ƙasarsu. Tsofaffi kan haɗu su ɗauki jagora, su bi ƙasa ƙasa suna ziyartar filayen daga da kaburburan sojojinsu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan sun riga sun zaga Faransa da Italiya, sannan kaɗan daga cikinsu suka rako wata mata, Madam Marta, zuwa Jos saboda kabari ɗaya tak. Mahaifinta sojan sama ne. Ciwo ya kama shi a wannan yankin, aka kawo shi Jos jinya saboda sanyin garin, bai tashi ba. Ya mutu tana cikin ciki.

Da safe na ɗauko su a otal. Madam Marta ta zauna a gaba kusa da ni. Doguwa ce siririya, ta haura sittin, gashinta fari fat, idanunta kuma wani irin ruwan toka da ba ka gane ko kai take kallo ko wani abu da ke bayanka. Ta tambayi sunana, na faɗa mata har da na mahaifina. Ta maimaita a hankali har sai da ya zauna a bakinta. Sai ta ciro wani jan fure na takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya, irin wanda kowannensu ya maƙala a ƙirji, ta maƙala min a riga.

Mun ɗan yi nisa sai ta ce, "Mahaifiyarka tana da rai?"

Na ce tana nan ƙalau.

"Mene ne sunanta?"

Kun san mu ba ma faɗin sunan uwa gatsal haka. Amma baƙuwa ce, kuma ina son a ce direban nan wayayye ne, sai na faɗa. Ita ma ta maimaita shi a hankali, tana kallon titi. Da muka tsaya a ƙofar maƙabartar, ta hango wani zare yana lilo a hannun rigata. Ta ciro ɗan almakashi a jaka, ta datse shi, ta sa a aljihunta. Har godiya na yi mata.

Tsohuwar maƙabartar Turawa ce ta tun zamanin haƙar kuza. Shingen ƙyarana ya kewaye ta, dogayen itatuwan turare sun rufe sama, ciyawa ta kai gwiwa. Ga hadari ya haɗo, garin ya yi duhu kamar magariba alhali ko azahar ba a yi ba. Muka sami kabarin a can ƙurya, da farin dutse a kansa. Jagoran nasu ya kira sunan mamacin da ƙarfi, ya kunna wata ƙaramar rediyo, aka ji busar ƙaho mai sanyi tana bin tsakanin itatuwa. Daga nan kowa ya sunkuyar da kai, suka yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mu idan mun je maƙabarta akwai sallama, akwai addu'a, akwai mai tari. Su kuwa sun tsaya ƙiƙam kamar suna jiran wani ya amsa daga ƙasa, ni kuma tsigar jikina sai tashi take yi.

Da aka gama, Madam Marta ta roƙi a bar ta ita kaɗai. Kowa ya koma mota. Sai na tuna na bar lemar da oga ya ba ni a jikin wani kabari, na juya in ɗauko. Ta tsakanin ƙyarana na hango ta a durƙushe. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ciro cokali daga jaka ta fara tona ƙasa a gindin dutsen. Ta fito da wani abu a naɗe cikin jan ƙyalle, ta kai shi bakinta ta yi masa magana ƙasa ƙasa, ta sa a ramin, ta mayar da ƙasa, ta baje ciyawa a kai. Lemar nan ban ɗauko ta ba.

Da yamma a teburin mai shayi a Farin Gada na ba Sale Dogo labari. Sale direban babbar motar kayan gwari ne, kuma duk wani abin tsoro da ya faru tsakanin Jos da Fatakwal a gabansa aka yi. Ya ajiye kofinsa, ya dube ni da tausayi.

"Sunanka ta tambaya?"

"Ta tambaya."

"Da na tsohuwarka?"

Na gyaɗa kai.

"Ta yanki zaren rigarka, ta sa maka jan abu a ƙirji, sannan ta binne ƙulli a kabari. Malam, me kuma kake jira a gaya maka? An gama da kai."

Na ce ai Turawa ba sa irin wannan. Ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce su wa suka fi su iyawa? Ya ce ko dai musanya ta yi, ta ba da raina a madadin wani nata, ko kuma so take in bi ta Kanada ina zare ido kamar rago. (Gaskiya na ɗan tsaya a kan na biyun, na ji bai yi muni sosai ba. Sale ya ce yawanci na farkon ne.) Magani ɗaya ne, in ji shi: in tono abin kafin ta bar gari, in buɗe, in yi masa fitsari. Nan take zai karye.

Kafin in isa gida kaina ya fara sarawa. Fatar idona ta hagu ta kama rawa. Na cire jan furen na jefa a kwata, na ga ya ƙi nutsewa, wannan ma na lissafa shi cikin alamu. Aka kwana ana ruwa, ni kuma ina jin numfashina yana raguwa. Na dubi mahaifiyata da asuba tana alwala, na tuna ni na ba da sunanta da bakina, sai hawaye. Abin da ya fitar da ni ke nan, ba jarumta ba.

Ana idar da sallah na ari fartanya na kama hanya. Ruwan ya ɗauke, amma hazo ya sauko ya rufe komai, irin wanda ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka kusa cin karo da shi. Na shiga maƙabartar ina karanta duk abin da na haddace, wasu ma a juye. Itatuwa suna ɗigar da ruwa a wuyana. Kaburburan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin hazon, suna komawa.

Sara biyu na yi na taɓa abin, don ramin ba shi da zurfi. Na kwance jan ƙyallen. Wata batta ce ta ƙarfe mai ƙyalli. Murfin ya ƙi buɗuwa, na sa bakin fartanya na ɓanɓare shi har ya lanƙwashe. A ciki akwai gari, fari fari, toka toka. Na sa yatsa na murza, na ji tsakuwa tsakuwa a ciki. Na ce a raina, lallai Sale ya san aikinsa.

Na ajiye battar a ƙasa, na kwance tazuge, na tsuguna. Jama'a, a nan ne Allah ya rufa min asiri. Tsoro ya ƙulle ni tam. Na yi nishi, na yi roƙo, ko ɗigo bai fito ba. Ina cikin wannan fama sai na ji taku a cikin ciyawa, a hankali, yana matsowa. Na ɗaga kai. Wani dogon abu fari tun daga sama har ƙasa yana tahowa daga cikin hazo, ba fuska, ba ƙafa. Ya tsaya. Ya kira sunana, har da na mahaifina.

Ihun da na yi, na tabbata an ji shi a Taminus. Na zabura in gudu, wando ya zube ya harɗe min ƙafafu, na faɗi rub da ciki a kan kabarin wani Bature.

Madam Marta ce, cikin farar rigar ruwa mai hula. Ta yaye hular. Ta dube ni, ta dubi fartanya, ta dubi battar a buɗe a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wannan mahaifiyata ce."

Ban gane ba sai da ta sake faɗa. Mahaifiyarta ta rasu a sanyin da ya wuce. Ba ta sake aure ba tun da aka aiko mata cewa mijinta ya mutu a wani gari da ko a taswira ba ta iya nuna shi ba. Ta bar wasiyya a ƙona gawarta, kamar yadda wasunsu ke yi, a kai wani abu daga tokar a ajiye kusa da shi. Madam Marta ta ji tsoron idan ta nemi izini za a hana ta, shi ya sa ta zo da cokalin otal. Jiya ta kwana tana jin ruwa yana zuba, tana tunanin ramin bai yi zurfi ba, kada ruwa ya tafi da uwarta. Gari na wayewa ta hau acaɓa ta taho.

Na dubi yatsana. Tokar tana nan a kai, har ƙarƙashin farce. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na bar musu fartanyar.

Ta ce, "Me ya sa?"

Na jawo wando da hannu ɗaya, na tattaro ɗan Turancina na gaya mata: sunana, sunan tsohuwata, zaren riga, jan ƙyalle. Ta sa hannu a aljihu ta lalubo, sai ga zaren. Ta ce ba ta saba yar da shara a ƙasa ba ne, ta manta da shi. Sunan mahaifiyata kuwa, ta ce so take kawai ta ji wani ya ambaci sunan uwar da ke da rai. Ta sake duban wandon nawa, ta dubi inda battar take. Wannan tambayar ba ta yi ta ba, kuma har in mutu ina gode mata.

Sai ta ce, "Tunda ka zo da abin haƙa, ka haƙa mata da kyau."

Na haƙa. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba, na yi rami har ya shanye hannuna zuwa kafaɗa. Ta sa na miƙa hannuwana a kan ramin, ta zuba min ruwan gorarta a hankali, ta ce kada ko kaɗan daga cikin uwarta ya bi ni gida. A nan ne ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Saura rufewa. Murfin da na lanƙwasa ya ƙi zama, kuma babu abin ɗaurewa. Ta gwada zaren nan, bai ko zagaye battar ba. Muka duba jaka, muka duba ciyawa. Daga ƙarshe na juya baya, na zare tazugena gaba ɗaya, na miƙa mata. Ta dube shi, ta fashe da dariya da hawaye a fuskarta, ta ce mahaifiyarta mace ce mai son ban dariya, ba za ta damu ba. Muka naɗe battar da jan ƙyallen, muka ɗaure tam, na sa ta a ramin da hannuna na rufe.

Haka na ratso gari da safiyar nan, hannu ɗaya riƙe da fartanya, ɗaya riƙe da wando. Ciwon kai kuwa tun a maƙabarta ya tafi. Sale ya tare ni da yamma yana tambaya ko an karya. Na ce an karya, na sha shayina.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yarda cewa wata ta ƙetaro teku don ta binne ka, ka fara tambayar kanka wane ne kai. Na je ne in ƙwato zare ɗaya daga kabari, na dawo na bar musu tazuge sukutum. Har yau idan hazon damina ya sauko wa Jos, nakan tuna akwai wani abu nawa a can ƙarƙashin itatuwan turare, yana riƙe da wata tsohuwa a gefen mijinta, kuma babu wanda ya taɓa zuwa nemana a kai.