Lasifikar Kan Rufi

Shekarar da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu na sayi talabijin a Boɗinga, amma muryarta ba ta cika zaure. Sai na ja waya na haɗa ta da tsohuwar lasifikar kamfe da ke ɗaure kan rufina. Maƙwabta suka ce in sauko da ita tukuna, na ce ai ni malamin kimiyya ne.

Ana shirin Magariba na kunna. Zaure shiru, amma waƙar Indiya ta karaɗe unguwa. Liman ya iso da buta a hannu, ya ce, "Malam, wanga kiran salla na wace mazhaba na?"

Har yau, duk ranar da ladan ya yi mura, ni ake aiko wa.