Faifan Hajiya a Sararin Samaniya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tara kwamitin iyayen yara a makarantarmu ta Rano don in burge su ba. Suna so a mayar da ɗakin kwamfuta ajin karatu, ni kuwa malamin kimiyya na rantse sai na nuna musu amfaninsa.

Makamina wata manhaja ce da na yi wata uku ina koya mata aiki. Ka ba ta hoton gungun taurari, irin waɗanda ake ɗaukowa da madubin hangen nesa, ta faɗa maka siffarsa: mai murɗiya ne, mai kamar ƙwai, ko marar tsari. Amsoshi ukun nan kaɗai ta sani a duniya (ni ma, in za a faɗi gaskiya, ban wuce nan ba).

Na juye hotuna daga wayata, na fara haskawa a bango. Na farko ta ci, na biyu ta ci. Kaina ya kumbura, har na soma tafiya da hannu a aljihu. Sai ga wani hoto, ta mai da shi fari da baƙi kamar sauran, ta rubuta: mai murɗiya.

"Ku dubi ikon Allah," na ce. "Hasken wannan ya baro gida tun ba a haifi kakanninmu ba."

Hajiya Ladi ta Nariya, gwaggon matata, wadda ita ma ke cikin kwamitin, ta gyara tabarau.

"Malam, wannan ai faifaina ne. Ga inda kaba ta ƙare mini na yi haɗi."

Ashe matata ce ta ɗauki hotonsa da wayata a kan baƙin zane, za ta tura wa ƙawarta. Aka kwashe da dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ma rasa maɓallin kashewa, faifai na nan a bango.

Malam Sani, limamin da ke shugabantar kwamitin, bai yi dariya ba. Tambaya ya yi a hankali.

"Ita na'urar, ta iya cewa ban sani ba?"

Na ce a'a, ban koya mata ba.

"To, da sauran karatu."

Aka mayar da ɗakin ajin 'yan aji ɗaya, kwamfutocin suka koma sito. Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba". Manhajar ma na koya mata, ta kuma riga ni iyawa.